Farantan Zaure

Ni Bagobira ce daga Maraɗi, kuma ban taɓa wuce Kano ba sai shekarar da na tafi Ibadan koyarwa. Na gama makarantar horon malamai, na zauna a gida ina jiran aikin da bai zo ba, ina karanta littattafan soyayya da muke haya a bakin kasuwa. A cikinsu na saba da rubutun Hausa irin na Najeriya, a cikinsu kuma na koyi sa rai. Da wata ƙungiya ta zo neman masu sa kai da za su je Kurmi su koya wa 'ya'yan Hausawa karatu da harshensu, tun kafin mai bayanin ya rufe baki na ɗaga hannu. A raina na riga na ga kaina a wani gari mai yawan ruwan sama, ina tsaye gaban allo, wani yana kallona ta taga.

Baba bai so tafiyar ba. Abin da ya sa ya yarda shi ne ƙanwarsa tana aure a unguwar Sabo, a can zan zauna. Ya kafa mini sharaɗi guda a gaban Inna: koyarwa ce ta fitar da ni daga ƙasata, saboda haka duk ranar da aka ce ba ni da aji, kashegari in hau mota in dawo gida. Na amsa da sauri, don a lokacin ban ga abin da zai hana ni aji ba.

Makarantar wani tsohon gida ne a cikin lungu, bayan masu tsire, rufin kwanonsa ya yi ja saboda tsatsa kamar sauran rufin garin. Da ka shiga sai zaure mai faɗi, sai tsakar gida, sai ɗakunan da aka mai da azuzuwa. Tsarin karatun harshe biyu ne. Yaro ya fara iya karatu da rubutu da Hausa, sannan a ɗora masa Turanci, don ya iya shiga makarantar gwamnati ba tare da ya zauna a baya yana zare ido ba. Ni aka ba ajin 'yan mata na Hausa. Duk malaman masu sa kai ne, ba mai albashi. Wurin kwana da abincin rana kawai unguwa ta ɗauke mana, ni kuwa gidan Gwaggo nake kwana.

Shugabar makarantar Bayarbiya ce, tsohuwar malama da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. A gefen Sabo ta girma, Hausa a bakinta kamar an haife ta a Fagge. Ranar da na fara zuwa ta dubi fuskata ta tambayi asalina, da ta ji Gobir, abokan wasan Yarbawa, sai ta tafa hannu ta ce yau Allah ya kawo mata baiwarta har gida, in ajiye jaka in ɗebo mata ruwa. Na ce mata na zo duba talakawan kakana ne, in ga ko suna bin doka. Daga ranar ba ta ƙara kirana da wani suna ba sai Baiwata.

Sai Malamin Turanci. Bazazzage ne, ya yi bautar ƙasa a jihar, da ya gama bai koma gida ba, ya tsaya yana koyarwa kyauta. Dogo ne, siriri, kullum gefen hannun rigarsa fari fat da alli. Idan yana magana a hankali yake yi, kamar yana tsoron kada kalmar ta fashe. Na taɓa ganinsa ya durƙusa a tsakar gida yana ɗaure wa wata yarinya igiyar takalminta da ta tsinke, bai san ina kallo ba, tun daga ranar zuciyata ta daina zama lafiya. Bai taɓa gaya mini wata magana da ta wuce ta aiki ba. Yana ce mini Malama, idan raha ta motsa masa ya ce 'yar Faransa, ya sa in faɗa masa sunan tsintsiya ko buta da Faransanci yana dariya. Ni kuwa ina tattara waɗannan ƙananan abubuwa ina kai su ɗaki ina juya su. Na yi imani cewa in dai na daɗe a Sabo, wata rana zai yi magana. Lokaci kawai nake bukata, lokacin kuwa yana hannun ajina.

Abin da baƙo yake fara lura da shi a makarantarmu ƙamshi ne. Matan aure na Sabo ba sa zama a kasuwa. Sana'arsu a cikin gida take, ɗanwake, alala, awara, dambu, shinkafa da wake, zoɓo a robobi, mai kai wa masu saye kuwa 'yarsu ce. Tun da aka buɗe makarantar aka daidaita da iyaye mata a baki: yarinya za ta zo da farantinta da safe, ta ajiye a zaure a rufe da kyalle, ta shiga aji. Da hantsi ya ɗaga sai a sallami 'yan mata, kowace ta ɗauki nata ta nufi wurin masu sayenta, wasu gun 'yan canji, wasu gun teloli, wasu har Mokola wajen makanikai. Maza su ci gaba da karatu har azahar. Idan ka leƙa zauren da safe za ka ga farantai jere a gindin bango, kowace yarinya ta san gurbin nata, har faɗa suke yi idan wata ta matsa wa wata.

Rabin yini ne, amma suna koyo. Na ga yarinyar da ta zo ba ta san alif daga ba ba, a cikin 'yan watanni tana karanta mini rubutun jikin motoci. Daga cikin tukwanen nan kuma ake ciyar da mu. Gidaje suna yin karɓa-karɓa, yau wannan gida ya aiko da kular malamai, gobe wancan. Ba wanda ya taɓa tuna musu, ba kuma ranar da ta taɓa tsallakewa.

A tsakiyar damina baƙi suka zo daga ofishin ƙungiyarmu. Cikinsu akwai wata mata mai tabarau, ta tsaya a zaure ta daɗe tana duban farantan, ta ɗauki hoto. Ta shiga ajina ta saurari karatu ta yaba. Amma da ta ga an kaɗa ƙararrawa 'yan mata sun yi zaure da gudu suna naɗa gammo, sai fuskarta ta sauya. Ta tambayi Malamin Turanci, da Turanci, a gabanmu duka, ko makaranta muke gudanarwa ko tashar 'yan talla. Ban ji duk abin da ta faɗa ba, Turancina bai kai nan ba, amma na ga yadda ya sunkuyar da kai yana murza allin hannunsa har ya zama gari.

Bayan tafiyarsu Mama ta tara mu. Malamin Turanci ne ya kawo shawarar: daga mako mai zuwa kada faranti ya ƙara shiga zaure, kuma 'yan mata su zauna har azahar kamar maza. Ya ce ajin Turanci na gaske bayan hantsi ake yinsa, su kuwa a lokacin suna kan titi suna kauce wa okada, shi ya sa har yau ba yarinya ko ɗaya da ta kai ga shiga makarantar gwamnati daga wurinmu. Gaskiya ya faɗa, ni ma na sani. Mama tana kaɗa ƙafa ta ce ita dai ta tarar da tsarin a haka. Ya ce ƙungiya ma abin da take so ke nan.

Na yi magana, duk da ban saba saɓa masa ba. Na ce abincin nan na rana ne, idan yarinya ta kai azahar a aji, masu sayenta sun riga sun ci amala a rumfar mai abinci. Na ce uwayensu ba za su iya fita da kansu ba. Ya juyo ya dube ni sosai, irin duban da na daɗe ina jira, sai dai ba a kan abin da nake so ba.

“Malama, mun baro gidajenmu ne don mu raba su da farantin nan, ba don mu yi masa gadi ba.”

Har yau idan na tuna maganar ina jin kyanta, kuma ina jin haushin kyan nata.

Ranar da dokar ta fara aiki shi ya tsaya a ƙofa da kansa. Bai daka wa kowa tsawa ba. Duk yarinyar da ta zo da faranti sai ya gaishe ta, ya ce ta mayar gida ta dawo, ana jiranta. Wasu suka koma suka dawo hannu sake. Wasu suka ba wani tela a bakin lungu ajiya, amma shagonsa ƙarami ne, bai jure ba. A makon farko ajina ya ɗan ragu, na ce wa kaina ruwan sama ne. A na gaba benci na baya ya zama fanko. Ina kiran suna sai wata ta ce Mamanta ta aike ta, wata ta ce ba ta jin daɗi. Zauren ya yi fes, an share shi, ba ƙamshin komai sai na danshi.

Abin da ya ruɗe mu shi ne abinci bai daina zuwa ba. Kullum da rana kular malamai tana isowa, da zafinta, wani lokaci ma har da nama fiye da da. Masu kawowa kuwa su ne 'yan ajina da suka daina zuwa. Yarinya za ta zo da faranti a ka, kula a hannu, ta tsaya daga waje don kada ta karya doka, ta yi sallama, ta miƙo kular ta bakin ƙofa, ta gaishe ni da ladabi ta wuce. Ni nake karɓa. Ban taɓa iya cin abincin nan da daɗi ba.

Malamin Turanci kuwa hujja ya mai da shi. Ya ce in duba, da iyaye suna fushi da mu da kular ce za ta fara tsayawa. Tunda suna ciyar da mu, suna tare da mu, sabo ne kawai yake da wuyar bari, in ƙara haƙuri.

Na fara shiga gidaje bayan la'asar. Ko'ina aka karɓe ni da mutunci, a shimfiɗa mini tabarma, a kawo kunu, a tambayi mutanen Nijar. Idan na kawo maganar yarinya sai uwa ta ce ai gobe in sha Allahu tana nan tafe, Malama. Gobe ta yi ba ta zo ba. A Sabo ba a ce wa malami a'a a fuskarsa, ko da ba za a yi ba. Wata mai ɗanwake ce kaɗai ta fito mini fili, bayan na yi ta zarya gidanta har na fara jin kunya. 'Yarta ce ta fi kowa ƙwaƙwalwa a ajina. Mijinta ɗan dako ne a kasuwar Shasha, wata rana ya samo, wata rana ya dawo da ciwon baya kawai. Tana tsame ɗanwake daga tukunya, ba ta dube ni ba ta ce:

“Malama, ke ma mace ce. Idan ta zauna har azahar, wa zai fitar mini da tukunyar nan waje?”

Na tambaye ta to me ya sa ba su daina aiko mana da abinci ba, don a gane ransu ya ɓaci. Sai a nan ta ɗago, da mamaki a fuskarta.

“Abincin malamai ai na Allah ne. Baƙi ne ku. Me ya haɗa shi da wannan?”

Kashegari na kwashe duka na gaya wa Malamin Turanci. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai bincika da kansa. Amma shi namiji ne, ba ya shiga gidajen matan aure, iyakarsa ƙofar gida. Sai ya tari mazajen a masallaci bayan sallar Juma'a, ya yi musu bayani mai kyau a kan ilimin 'ya mace. Suka yi ta gyaɗa kai, suka sa masa albarka, suka ce an gama, Malam, daga Litinin duk za su dawo. Ya shigo makaranta fuskarsa tana haske, ya ce 'yar Faransa ta cika tsoro. Ni kuwa na san mazan nan tun asuba suke fita sai magariba, kuma sana'ar ba tasu ba ce. Ba wanda zai shiga gida ya ce wa matarsa ta sauke tukunyar da ake cika cefane da ita. Litinin ta zo ta wuce, ajina bai ƙaru da kowa ba.

A lokacin nan na rame. Gwaggo ta lura, ta ce ko abincin Kurmi ne bai karɓe ni ba. Ta kuma lura da yadda nake daɗewa gaban madubi kafin in tafi makarantar da ba ɗalibai, ta yi murmushi ta ce Bazazzagen nan dai ya yi sauri, tun kafin Yaya ya ji labari. Na rufe fuska da mayafi. Ta ce ita ba za ta kira Baba ta faɗa masa ajina ya watse ba, amma in sani direbobin albasa daga Maraɗi kullum suna sauke kaya a Shasha, kuma bakinsu ba ya ajiya.

Wajen ƙarshen damina Mama ta gaji. Ta kira ni ofis ta ce, Baiwata, je ki gaya wa uwayen nan zaure a buɗe yake, kowa ta aiko 'yarta da farantinta kamar da, ita za ta ji da ƙungiya. Malamin Turanci yana wurin, ya dai fita tsakar gida ya tsaya. Ni kuwa na fita da saurina ina jin kamar an mayar mini da numfashi. Na bi gida gida ina ba da albishir.

An yi mini godiya ko'ina. Amma safiyar 'yan matan ta riga ta sami mai ita. Da uwaye suka ga yara suna zaune a gida da safe, sai suka ƙara sana'a: koko da ƙosai don 'yan dako kafin su hau mota zuwa kasuwa, shayi, dafaffen ƙwai. Yanzu yarinya sau biyu take fita, da sassafe da kuma rana. Masu sayen safe sun saba da ita, gida ya saba da abin da take kawowa. Mai ɗanwaken nan ta nuna mini sabon kaskon tuya da ta saya, da alfahari da kuma ɗan jin nauyi, ta ce da tun farko aka bar su yadda suke da ba ta fara ba, yanzu kuwa ba ta san yadda za ta bari ba. 'Yarta tana gefe tana wanke robobi, ta gaishe ni, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Farantai kaɗan suka dawo zaure, ba su cika ko gefen bango ɗaya ba. Da zangon ya ƙare ƙungiya ta ce 'yan matan da suka rage a haɗa su da ajin maza, malamin Hausa ɗaya ya isa. Mama ce ta gaya mini, a ranar ba ta tsokane ni ba, ta riƙe hannuna ta yi ta ba ni haƙuri da Hausa da Yarbanci. Ban kai ga neman dabarar ɓoyewa ba, a makon Baba ya kira. Bai yi faɗa ba. Ya tambayi lafiyata da ta Gwaggo, sannan ya ce ya ji an ce ba aji. Na ce haka ne. Ya ce to Inna tana gyara mini ɗaki.

Malamin Turanci ya ce zai raka ni tasha. Mun hau keke mai ƙafa uku guda ɗaya, jakata a tsakaninmu, hanyar Akinyele cike da manyan motoci da hayaƙi. Na sa atamfar da na fi so. Duk tsawon hanyar ina sauraron numfashinsa, ina jira. Ya yi maganar tsadar littattafan yara, ya yi maganar rufin aji da yake yoyo. A tasha ya ɗora mini jakar a mota, ya samo mini kujera kusa da taga, ya tsaya daga waje ya dafa ƙarfen tagar. Ya yi gyaran murya, ya ce akwai abin da yake so ya roƙe ni, ya daɗe yana tunaninsa.

Ya ce shi bai fid da rai ba, yana ganin baɗi 'yan matan za su dawo, idan an sake zama da iyaye. Idan sun dawo za a bukaci mai koyar da Hausa.

“Ko za ki duba mana wani a cikin abokan karatunki, Malama? Namiji dai zai fi, wanda ba a kafa masa sharaɗi a gida ba.”

Na ce zan duba. Ya yi mini godiya sosai, ya ce makarantar ba za ta manta da ni ba, ya yi mini addu'ar sauka lafiya. Motar ba ta cika ba tukuna, amma ya ce yana da aji, ya juya ya tsai da okada.

Da na isa Maraɗi na huta, na bi abokan karatuna maza ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na yi alkawari, na ba su labarin makarantar da kyakkyawan lafazi. Kowa ya tambayi ko ana biya, na ce a'a. Ba wanda ya tafi.